Yadda ɗan shekara 11 ya kashe mini sarki a taku huɗu

Mako biyu cur na yi ina haddar wani buɗin wasan ces (chess), wato jerin takun farko na wasan, da ake kira Ruy Lopez, wanda ya samo sunansa daga wani limamin coci ɗan ƙasar Sifaniya da ya rubuta littafi a kan wasan a shekarar 1561. Kullum da daddare sai in riƙe waya ina bitar takun kamar mai tilawa, soja zuwa e4, doki zuwa f3, giwa zuwa b5 (sunayen 'ya'yan wasan da na gidajen allon ke nan), har maiɗakina ta fara tambayata ko lafiya. Da na ga karatu ya zauna, sai na aika aka kira mini ɗan yayata da ke buga wasan a makarantarsu, da niyyar in nuna masa cewa gaba da gabanta.

Abin da ban lissafa ba shi ne, wannan buɗi na mai fararen 'ya'ya ne, ni kuwa da aka yi ƙuri'a baƙaƙe suka faɗo mini. Yaron ya tura soja e4, na tare shi da e5. Ya kai giwa c4, na fito da doki c6. Sannan ya wurgo sarauniyarsa har h5, abin da na karanta cewa gwanaye suna hana ɗalibai yi da wuri. Na yi murmushi irin na manya, na yi masa 'yar nasiha a kan illar gaggawa, na kai ɗaya dokin f6 domin in kore ta. Bai ce uffan ba, ya ɗora ta a kan f7, ya cinye sojan da ke wurin, ya ce, "Kawu, sarkinka ya mutu." Na duba hagu, na duba dama, giwar nan ta c4 tana tsaye a bayanta, babu mafita.

Na ce ai wannan gwaji ne, a sake, ni ne da farare. Na buga e4 ina jiran e5 domin hadda ta fara aiki, sai ya buga c5, wato kariyar Sisiliya, wadda ko layi ɗaya ban karanta a kanta ba. Da ya ga na daɗe ina shafa gemu, sai ya tambaye ni cikin ladabi ko ya cire sarauniyarsa domin a zo daidai. Na miƙe na ce masa lokacin magariba ya yi, alhali ko awa guda ba a yi da idar da la'asar ba.