"Ai an gane" ce take kashe wa yaranmu rubutu

Shekaranjiya da yamma ɗan ƙanwata, ɗan aji biyar na firamare, ya kawo min littafinsa na Turanci in duba masa aikin gida. A shafi guda ya rubuta "The boys lost there ball", malami kuma ya bi da jan biro ya ba shi maki cikakke. Can ƙasa malamin ya yaba masa da hannunsa: "Your improving." Da na nuna wa uwar, sai ta ce, "Haba Yaya, ai an gane abin da yake nufi."

Wannan magana ta "ai an gane" ita ta hana ni sukuni, don ba a bakin ƙanwata kaɗai take ba. Tana bakin iyaye, tana bakin yayye, kuma abin takaici tana bakin waɗanda ake biya su koyar.

'Yan uwa, me aka gane? Turanci yana da kalmomin da kunne ba ya rarrabe su, sai ido. "There" wuri take nunawa, wato can. "Their" mallaka ce, wato nasu. "They're" kuwa "they are" ce aka naɗe, aka sa ɗan waƙafin nan na sama a gurbin harafin da aka cire. Haka "your" da "you're", haka "whose" da "who's", haka "to" da "too" da "two". Yaro ɗan shekara tara ba shi da laifi in ya cakuɗa su, tunda da kunne ya fara koyon harshen. Mai laifi shi ne babban da ya gani ya kau da kai, ya ce ai an gane.

Kuma ba wani abu ne mai wuya ba, wallahi. Ka ce wa yaro ya warware kalmar: in "you are" ta zauna a jimlar, to "you're" zai rubuta, in ba ta zauna ba "your" ce. Haka "it's", ko dai "it is" ce ko "it has". In mallaka ake nufi, "its" ce ba waƙafi, kamar yadda "his" da "hers" ba su da shi. Mallakar suna ma yaron Bahaushe ya riga ya san ta a harshensa, ya san littafin yaro da rigar yarinya. Sai ka nuna masa cewa "the boy's book" na yaro ɗaya ne, "the boys' book" na yara da yawa ne, wurin zaman waƙafin kawai ya bambanta su. Minti goma bayan magariba sun isa a fara. Amma ina! Uba yana kan waya, yaya yana kan TikTok, ita kuma uwa ta ce ai an gane.

Wayar ma ita ce babbar makarantar ɓarnar. Babban mutum mai digiri zai turo maka "am fine", ya haɗiye "I" ɗin gaba ɗaya. Wani ya rubuta "ur", ba ka san "your" yake nufi ko "you're" ba, shi ma bai sani ba, shi ya sa ya fake a nan. Yaro yana leƙen wayar, yana kwashewa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku fita titi ku dubi allunan shaguna: "Shoe's for sale", "Phone's and accessories", an watsa waƙafi a jam'i kamar ado ne. Wani lokacin har a allon makarantar kuɗi, irin waɗanda ke karɓar kuɗin bikin yaye 'yan nazare, a ɗinka musu riga da hula, alhali ba mai duba littafinsu tsakani da Allah.

To ku sani, mai duba takardar WAEC ba ya cewa ai an gane. A insha'in Turanci akwai maki 10 cikin 50 da aka ware wa daidaiton rubutu, ana zare rabin maki a kan kowane kuskure har su ƙare. Kuskure 20 kawai, an share su tas. Kuma duk mun san ba a shiga jami'a a Najeriya ba tare da kiredit a Turanci ba. Sai sakamako ya fito a fara cewa an zalunci yaro, ko a kwashi kuɗi a nemi inda ake satar amsa, a ƙara masa lalacewa a kan lalacewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa sai ya bushe muke kuka.

Kada wani ya ce min ai Turanci ba harshenmu ba ne. Hausar da take tamu, mun kula da ita? Wanda ke rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ya manne "da su" ya zama "dasu", ya yar da hamzar "sana'a" da "ma'ana", shi ne dai ke cewa ai an gane. Cutar ɗaya ce, raina ƙaramin abu.

Abin da ke ba ni mamaki, mu fa jikokin makarantar allo ne. Wane alaramma ne zai ga ka bar ɗigo ko ka karkata wasali ya ce ai an gane? Sai ka gyara kafin ka wanke allon. A boko ma da can akwai shifta. Malami ya karanta, ku rubuta, ya bi layi-layi da jan biro, kalmar da ka ɓata ka sake rubuta ta har hannunka ya haddace. Ana jin kunyar kuskure a lokacin, yaro ya ɓoye littafinsa don kada yayansa ya ga ja ya yi yawa. Malamai da yawa a lokacin takardar shaidar koyarwa ta Grade II kawai gare su, amma wasiƙarsu sai ka karanta ka sake karantawa. Yau takardun shaida sun cika akwati, azuzuwa sun cika maƙil, an bar malami ɗaya da yaran da ba zai iya duba littattafansu ba ko ya kwana yana yi, shifta kuma a makarantu da yawa ko sunanta yara ba su taɓa ji ba.