Jiragen da aka kama a Faransa

Wai har yanzu akwai masu cewa maƙiya ne suka ƙulla mana wannan abin na jiragen shugaban ƙasa da kotun Faransa ta sa aka tsare. Maƙiya! Su wane maƙiyan? Kamfanin 'yan China ne aka gayyato jihar Ogun, aka ba shi ragamar yankin masana'antu, ya zuba kuɗinsa, a 2016 gwamnatin jihar ta tashi rana guda ta ce ya kwashe ya-nasa ya-nasa, har aka kama wani babban ma'aikacinsu aka kulle. Suka kai ƙara, a 2021 masu sulhu a Landan suka ce Najeriya ta biya kusan dala miliyan 70, muka yi kunnen uwar shegu, a 2024 aka riƙe mana jirage uku a ƙasar mutane duniya na kallo. Sannan gobe ka ji wata tawaga ta tafi China neman masu zuba jari, da hula da babbar riga ana ɗaukar hoto ana sa hannu a takarda. Allah Sarki.

Mai kuɗi ba jawabi yake saurara ba. Abin da yake tambaya shi ne, in na gina masana'anta aka canza gwamna, takardar da na sa wa hannu tana nan ko ta bi tsohon gwamna gida? In aka cuce ni, alƙali zai raba mu cikin shekara ɗaya ko sai jikana ya gaji shari'ar? In na ci riba zan iya fitar da ita? Shi ke nan fa.

Wani zai ce ai matsalar dala ce. To wa ya riƙe dalar? Ba Babban Banki ba ne ya yi shekaru yana sayar da ita farashi biyu, mai uwa a gindin murhu ya saya da arha ya kai wa 'yan canji? Kuɗin kamfanonin jiragen sama kusan dala miliyan 800 suka maƙale a nan, Emirates ta gaji ta daina zuwa a 2022. Wannan ba ƙaddara ba ce, hukuma ce ta yi. Wani kuma ya ce ai muna da mutum sama da miliyan 200, dole su zo. Dole? A 2023 kaɗai GSK mai yin magunguna ta naɗe tabarmarta, takwararta Sanofi ta bi, P&G mai Pampers ta ce ta daina sarrafa kaya a nan sai dai ta shigo da su daga waje. Mutum miliyan 200 ɗin suna nan ba su je ko'ina ba ai. Masu cewa har yanzu Turawa na zuba kuɗi a man fetur kuwa, don Allah ku bar wannan, mai a inda yake ake haƙo shi, ba za a ɗauki rijiyar a kai Ruwanda ba. Kuma ko a nan ɗin Shell ta riga ta sayar da rijiyoyinta na kan tudu.

Tsakani da Allah abin yana ci mini rai, don ba baƙo kaɗai ake yi wa haka ba. Je ka tambayi duk mai ɗan injin casar shinkafa ko na ledar ruwa. Da safe 'yan ƙaramar hukuma da rasit ɗinsu, da hantsi na jiha, kafin azahar wasu sun zo da kwado da sarƙa wai za su rufe ƙofa, kowa da sunan harajin da ba ka taɓa ji ba, ƙarshe dai a ce "oga ka ga yara". Takardar mallakar fili kuwa fayil ɗinka yana kan tebur, mai sa hannu ya tafi taro, ka dawo Litinin. Litinin ɗin nan sai ta shekara ba ta zo ba. Ɗan gida da ya san lungu, ya san wanda zai kira, haka yake shan wuya, ina ga wanda ya taso daga Shanghai da lauyansa da akantansa? Su fa suna waya da juna. Wanda aka kora daga Ogun ba shiru ya yi ba, labarin ya riga tawagarmu isa.

Shi ya sa in na bi ta Sharaɗa ko Bompai na ga manyan gine-ginen nan an mai da wasu sito, ko Kakuri a Kaduna inda masaƙu suka ciyar da dubban gidaje, ba na yarda wuta ce kawai ta kashe su. Yau a hana shigo da atamfa, gobe a buɗe, jibi a bar ta fasa-ƙwauri tana kwarara, wa zai yi lissafi a haka?