Aikin rukuni a aji: wa ya yi aikin, wa ya ci makin?

Ni ban ƙi a raba ɗalibai rukuni-rukuni a aji ba. Amma yadda ake yinsa a makarantunmu da dama a nan Kebbi, wallahi gara a bari. Malam zai shigo ya ce ku haɗu goma-goma, ya miƙa wa kowane rukuni kwali da maka, ya koma bakin ƙofa yana latsa waya. Yarinya ɗaya mai kai ita za ta durƙusa ta rubuta komai, biyu su danne mata kwalin kada iska ta ɗauka, sauran suna musun ƙwallo. A manna kwali a bango, a tafa, a ba su goman maki ɗaya. 'Yan rakiya sun ci, ita kuma ta koyi cewa ƙoƙari wahala ce. Ranar WAEC ko NECO fa kowa da kujerarsa, ba mai rubuta wa wani.

Ɗalibi ya koya wa ɗan uwansa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya gardi ne ke biya wa ƙolo karatu, amma ba a wanke allon yaro sai an saurare shi, shi kaɗai, da bakinsa. Wannan sauraren ne muka yar a boko.

Akwai wata hanya da wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, ya fito da ita a 1971 a birnin Austin na Amurka, lokacin da aka haɗa 'ya'yan farare da na baƙaƙe a aji ɗaya suna ta rigima. Dabarar ita ce a yanka darasi, kowane yaro a ba shi yanki guda wanda ba kowa ke da shi a rukuninsu ba sai shi. A ce darasin masarautun jiharmu ne: yara huɗu, ɗaya Gwandu, ɗaya Argungu, ɗaya Yawuri, ɗaya Zuru. Masu Gwandu na duk ajin su fara haɗuwa su fahimci nasu, haka sauran, sannan kowa ya koma ya koya wa mutanensa. In mai Zuru ya yi wasa, rukuninsu bai san Zuru ba, kuma su da kansu za su tasa shi gaba. Daga nan malam ya nuna wanda ya ga dama, ba wanda ya ɗaga hannu ba, ya tambayi mai Argungu labarin Yawuri. Gwaji kuma kowa ya rubuta nasa.

Na san abin da 'yan uwana malamai za su ce: cunkoso. Gaskiyarku. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a babbar sakandare, alhali akwai ajin da ya ninka haka, wasu ma a ƙasa suke zaune. Ga darasin minti 40, in aka ce a ja benci an cinye goma. To kada a ja. 'Yan bencin gaba su juyo su fuskanci na bayansu, rukuni ya haɗu. Kada dai su wuce biyar, don daga nan ake samun wurin ɓuya.

Kuma don Allah a bar yara su tattauna da harshen da suke tunani da shi, Hausa ce, Fulatanci, Zabarmanci ko Dakarci, in sun zo bayani gaban aji su yi da Turanci. In ka hana, shiru za ka ji, sai mai Turancin nan ɗaya. A kula da 'yan mata ma: ka jefa ɗaya cikin maza huɗu, ba za ta buɗe baki ba har a kaɗa ƙararrawa.

Saura ku, ranku ya daɗe, shugabannin makarantu. Ajin da ake wannan aiki dole a ji hayaniya. Kafin ku leƙo ta taga ku daka tsawa, ku duba inda malamin yake. In yana tsakiyar yara yana zagayawa yana saurare, ku ƙyale shi. In yana gindin darbejiya, shi za ku kira ofis.