Motar da ba ta tambaya ko an kawo wuta

Duk wanda ya kira motar haya ta waya a nan Birmingham zai lura cewa sau da yawa Toyota ce ke zuwa, ko Prius ko Corolla ko Auris, kuma kusan kullum haibirid ce, wato mai haɗa injin fetur da batir. Direbobin, 'yan Pakistan da Somaliyawa da Sudanawa da tsirarun mutanenmu, ba don kishin muhalli suka saye ta ba. Lissafi suka yi. Tun watan Yunin 2021 tsohuwar motar da hayaƙinta ya wuce ƙa'ida tana biyan fam 8 a duk ranar da ta shiga tsakiyar garin nan, a Landan kuwa fam 12 da rabi ne, kuma tun Agustan 2023 dokar ta game birnin baki ɗaya. Ga mai da tsada. Wanda abincinsa ke kan sitiyari ba sai an yi masa wa'azi ba.

Ra'ayina shi ne motar nan ta fi dacewa da Kano da Kaduna fiye da yadda ta dace da Ingila. Na san wasu za su ce wannan maganar wanda ya daɗe bai sha ranar Afrilu ba ce, don haka bari in faɗi dalili.

Haibirid irin ta Toyota ba a jona ta da wuta. Inji ne ke cika batirin, sannan duk sanda direba ya taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza ya zama zafi sai motar ta mayar da shi caji. In an tsaya a danja inji ya mutu da kansa, in an tashi a hankali batir ne ke ja. Ke nan ribarta tana cikin cunkoso, a tafi a tsaya, a tafi a tsaya. A kan babbar hanyar Birmingham zuwa Landan, inda ake shimfiɗa gudu ba birki, bambancinta da ƙaramar motar fetur ba wani mai yawa ba ne. To ina aka fi tafiya ana tsayawa? Wanda ya taɓa bin titin Murtala Muhammad ko 'Yankura da yamma, yana kutsawa tsakanin 'yan adaidaita sahu, ya san amsa. Har na'urar sanyaya motar da batir take aiki, mutum yana cikin gosulo inji a kashe sanyi na busa shi.

Da can wannan magana ba ta da kasuwa a gida, domin mai yana da araha. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Daga nan masu manyan motoci suka fara jingine su a gida. Yanzu in muka yi waya da yayana, bayan gaisuwa da tambayar iyali, abin da ke biyo baya shi ne, "Wai ni motar nan taku mai batir, da gaske ba ta shan mai?" Sai in ce, "Yaya, tana sha, sai dai kurɓa take yi."

Abin da ba na goyon baya shi ne masu son mu yi tsalle ɗaya mu faɗa kan mota mai lantarki zalla don Turawa sun nufi can. Su ma nan ba su gama ba: gwamnatin Birtaniya ta sa 2030 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motocin fetur da dizal, amma ta bar wa haibirid ƙofa har 2035. Kuma su wutarsu ba ta ƙiftawa. Mu kuwa mutum sama da miliyan 200 ne ke rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar, kuma ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda a duhu. Wanda zai tayar da janareta ya ƙona fetur don ya yi cajin mota, me ya tsira da shi? Abin da Mustapha Gajibo ya yi a Maiduguri, na mayar da ƙananan bas-bas masu lantarki, abin a yaba ne, kuma yana da ma'ana ga motocin haya masu hanya ɗaya da wurin caji ɗaya mai sola. Magidancin da zai kai iyali Gumel biki ranar Asabar lissafinsa daban.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar, kuma nan ne nake jin tsoro in na ga ana yayin haibirid a gida. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan a 1997. Motocin da ke isowa hannunmu ta Kwatano da Legas yawanci sun yi shekara goma ko fiye a hannun wani, batirinsu ya riga ya fara rage ƙarfi. A nan, in kana kai motar ana duba ta duk shekara, kamfanin na tsawaita garantin batir har ta kai shekara 15. Wannan alkawari ba ya hawa jirgin ruwa tare da motar. Batirin kuma babu abin da ya ƙi jini kamar zafi. Yana bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta, wata 'yar fanka ce ke jawo masa iska daga cikin motar. A sa wannan fanka cikin ƙurar hunturu shekara biyu ba a buɗe an share ba, a haɗa da ranar da ke wuce digiri 40, a ajiye motar a fili babu rumfa. Wata safiya fitilu za su cika dashbod, kuɗin da aka tara na rarar mai ya tafi a zama ɗaya.

Makanikanmu ba su da laifi a nan, ba a koya musu ba ne. Mutumin da zai saurari inji da kunne ya gaya maka abin da ke damunsa gwani ne, amma batirin tsohuwar Prius ƙwayoyi 28 ne a jere, suna ba da wuta wajen bolt 200, wayoyinsa masu ruwan lemo suna iya kashe mutum. Ko man kwamfuresar sanyi na musamman ne, in mai zuba gas ya sa na sauran motoci yana iya jawo matsalar da za ta hana motar tashi. A Ƙofar Ruwa ko Panteka za a sami batirin da aka kwance aka sauya masa ƙwaya biyu ko uku, a ce maka sabo ne fil, wata shida ka dawo. In da gwamnatocin jihohinmu za su ɗauki rewaya ɗari biyu su koya musu aikin nan, su ba su na'urar gwaji da safar hannu, da ya fi mana amfani fiye da taron ƙaddamar da motoci goma. Kada kuma a ɗauka nan aljanna ce: an yi shekaru ɓarayi suna bin Prius da dare suna yanke indomin salansarta, wato matatar hayaƙi, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki.

Ba a kan mota kaɗai ba, wajen karatu ma abin da na gani ke nan, wato na'ura sai ta dace da wurin da za a yi amfani da ita, sai dai a nan gida ta riga mu. Ina da Kindle, na'urar da Amazon ta fito da ita a 2007. Ba ta gajiyar da ido, caji ɗaya ya kai makonni, kuma laburaren gari yana ba da aron littattafai ta manhajar waya kyauta, in wa'adi ya cika littafin ya koma da kansa. Amma tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan katin banki da ke biya da fam ko dala. Littafin da ka saya kuma izinin karantawa kawai aka ba ka, ba za ka miƙa wa maƙwabci ba. Na Hausa a shagon nasu ba su taka kara sun karya ba.

Ƙannena mata a gida sun fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma ba wadda ta taɓa riƙe Kindle. Tecno ce ko Infinix ko itel, wadda in gilashinta ya fashe yaran kasuwar waya ta Farm Centre za su sauya shi kana tsaye. Marubutan da a da ake hayar littattafansu a shagunan unguwa, yawancinsu mata, sun koma WhatsApp da Wattpad. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi ta tsaya, mai son ci gaba ta tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya a sa ta a guruf. Wadda ba ta da lokacin karatu ta kunna a YouTube ana karanta mata tana tuƙa tuwo. Ba kamfanin da ya zauna ya tsara wannan. OkadaBooks, da ta yi ƙoƙarin kafa shagon littattafai na zamani a Najeriya, ta rufe a 2023, guruf-guruf ɗin nan kuwa suna nan.

Su ma da nasu ciwon. Mutum ɗaya ya biya, kafin magariba littafin ya zagaya guruf ashirin, marubuciya ta yi Allah ya isa har ta gaji. Babu mai tace rubutu, ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace, ana haɗe kalmomi yadda aka ga dama. Abin da ya fi damuna shi ne adanawa. Littafin takarda na 1995 ana iya tsintarsa a akwatin wata gwaggo. Wanda aka rubuta a WhatsApp a 2019, in wayar marubuciyar ta faɗa ruwa guruf ya watse, sai dai a bi mutane ana tambaya ko akwai wadda ta ajiye. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sassan nazarin Hausa, kuma tattara waɗannan rubuce-rubuce da izinin masu su ba zai ci kuɗin mota ɗaya ba.

In koma kan mota, yayana dai ya dage zai sayi haibirid ɗin. Na ce masa kada ya biya ko sisi sai an jona na'ura an karanta ƙwayoyin batirin ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ya nemo makaniken tun kafin ya nemo motar, kuma ya ware kuɗin sabon batir ya ajiye gefe. In bayan wannan lissafin har yanzu da riba, bismillah. In babu, Corolla mai fetur zalla tana nan, kowane gareji daga Kano har Maraɗi ya san cikinta.