Rahoton da ya ce ni kaɗai na yi aikin shekara

Fayil ɗina na XSLT, wato yaren da ake rubuta umarnin juya bayanan XML zuwa wani tsari, lafiyarsa ƙalau, a fara sanin wannan. A kwamfutata da injin Saxon, mai gane XSLT 2.0, nake gudanar da shi, version="2.0" a samansa. Yana ɗaukar XML, fayil ɗin bayanan ayyukanmu, ya fitar da shafin yanar gizo na HTML, kowane aiki da sunayen waɗanda suka yi shi, waƙafi a tsakani. Aka ɗora a saba, aka kira taro, aka kunna majigi.

Shafi ya buɗe. Aiki na farko, suna ɗaya. Na biyu, suna ɗaya. Haka har ƙasa. Kuma sunan nawa ne, don ni na shigar da bayanan, ni ne a farkon kowane jeri. Ga mutum tsaye gaban allo da sabuwar riga, yana nuna wa jama'a cewa duk aikin shekara shi kaɗai ya yi. Oga ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na danna F5 don sabunta shafin. Sunana ya dawo, har da ƙarin haske. Wani daga baya ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ashe mu ɗumama kujera muke zuwa yi." Na ce wallahi a wurina yana aiki, maganar da na sha yi wa wasu dariya a kanta. Na buɗe XML ɗin a gaban kowa don su ga sunayensu suna nan, sai abin ya ƙara muni, domin yanzu an tabbatar sunayen sun shiga, a hannuna suka ɓace.

Ashe sabar wani inji daban take amfani da shi, xsltproc, wato libxslt, wanda XSLT 1.0 na 1999 ya sani. Na 2.0 sai 2007 ya fito. Injin 1.0 idan ya ga lambar da ta fi tasa ba ya tsayawa, ƙa'idar ta ce ya ci gaba, abin da bai gane ba ya kau da kai. Layin da ya kunyata ni shi ne xsl:value-of select="mahalarci" separator=", ". A 2.0 duk sunayen yake haɗawa. A 1.0 na farko kawai yake ɗauka, separator ɗin kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Da xsl:for-each-group, wani umarnin 2.0, na sa ma da ya yi ƙorafi a fili, da an gane tun kafin taro.

Shi kuma wani abokin aikina, wanda sunansa ke biye da nawa a kusan kowane aiki, ya ɗauki abin da zafi. Na zana masa bayanin a takarda. Ya ce, "Na ji, amma me ya sa inji zai zaɓi sunanka?" Na ce tsarin jeri ne. Ya ce, "Wa ya jera?" Mutumin da ya taɓa ajiye fayil ɗin XML gaba ɗaya da Word, duk alamun zance suka lanƙwashe, muka kwana muna gyara, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Yanzu kowane saƙo zai turo mini sai ya sa Oga a kwafi, ko da tambayar kalmar sirrin firinta ce.

Akwai kuma teburin ayyukan da wa'adinsu ya wuce, wanda ya fito fayau babu ko layi ɗaya. Oga har ya yaba mana. Ashe shi ma matsalar inji ce: sharaɗin shi ne @waadi < '2024-06-01'. A 2.0 ana kwatanta su a matsayin rubutu, kuma kwanan wata mai tsarin shekara, wata, rana yana jeruwa daidai. A 1.0 alamar "ƙasa da" tana mayar da ɓangarorin biyu lamba, kwanan wata mai layuka a tsakani ya zama NaN, wato ba lamba ba, amsa kullum ƙarya. Yabon nan ni aka tura in je in karɓo shi daga wurin Oga.

Mai kula da saba ya ce ba zai sa Java, wanda Saxon ɗina ke buƙata, saboda fayil ɗaya ba, don haka aka koma 1.0. Sunaye da xsl:for-each, waƙafi a cikin xsl:if test="position() != last()". Kwanan wata kuma translate(@waadi, '-', '') ya cire layukan, a kwatanta da 20240601 a matsayin lamba. Na ƙara xsl:comment mai buga system-property('xsl:vendor') da system-property('xsl:version'), duk wanda ya buɗe tushen shafin zai ga injin da ya fitar da shi. Gwajin dole a injin biyu ake yi, domin da na mayar da fayil ɗin Saxon, jimillar da xsltproc ya rubuta 1200000 sai ta fito 1.2E6. format-number ya raba gardamar.

Mutumin ya nemi a jera sunaye bisa haruffa, don adalci. Na sa xsl:sort. Ya sake fitowa na biyu. Ya ce zai duba fayil ɗin da kansa ranar Litinin, ban dai ga ya zo ba.