Dawakai ɗari biyu a Golf ɗina

Wata motar haya Sharon ce ta ja mini. Ina kan hanyar Zariya a Golf 3 ɗina, na danne totur har ƙasa, sai ga ta ta wuce ni kamar ina tsaye, da fasinja goma da buhunan albasa a bayanta. Wucewar ba ta dame ni ba kamar yadda yaron motar ya leƙo ya ɗaga mini hannu, irin na "sai kun iso". Uwargida na gefe, ta ce, "Malam, ko mu sauka mu taimaka wa Golf ɗin da ƙafa?"

Washegari na kai wa bakanike ƙara. Ya buɗe bonet, ya girgiza kai kamar mai duba marar lafiya, ya ce, "Alhaji, injinka 1.8 ne, ƙarfin doki 90 gare shi. Idan muka kai silinda aka faɗaɗa, muka sa fistin oba-sayiz, muka fasa salansa, wallahi sai ka ga doki 200."

Doki 200! Hakimai nawa ne ke fita hawan Daushe da wannan adadin? Nan take kuɗin ragon layya suka canja alƙibla. Na shiga Ƙofar Ruwa da kaina na sayo fistin da zobba da gasket, ina taƙama kamar mai haɗa lefe.

Sati biyu motar na gareji. Ranar da aka tayar da ita, kajin unguwar suka watse, wani mai shayi ya saki kofi. Ƙara kam, masha Allah. Ni kuwa a raina haniniya nake ji.

Da daddare na kira ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya don ya taya ni murna. Yaron nan bai iya murna ba. Ya ɗauko biro ya ce, "Kawu, nawa aka faɗaɗa?" Na ce rabin milimita, ga shi a jikin kwalin fistin. Ya ce faɗin kowace silinda a injin nan milimita 81 ne, yanzu ya koma 81.5. Ya buga lissafi: cikin injin ya tashi daga cc 1781 zuwa 1803.

"Wato nawa na ƙaru?"

"Cc 22, Kawu. Kamar cokalin cin abinci ɗaya da rabi."

Na ce ya bar zancen cokali, dawakai nake tambaya. Ya ce tunda cikin ya ƙaru da kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari, ƙarfin ma haka zai bi. Doki ɗaya ke nan. Ya ɗan yi tunani ya ƙara da cewa, "Ko dai dukushi."

Bai tsaya nan ba, abin ka da ɗan boko. Wai injin da iska yake rayuwa: in ba a buɗe hanyar da iska ke shiga ba, ba a canja bawul da sandar da ke buɗe su ba, ba a daidaita man da ke shiga ba, to faɗaɗa ciki kamar ƙara wa ɗaki girma ne a bar ƙofar yadda take. Su kansu Volkswagen, kafin su sami doki 174 a Golf 3, sai da suka sa injin VR6 mai silinda shida, lita 2.8. Kuma doki 90 ɗin nan da nake ƙirgawa, na ranar da motar ta fito sabuwa ne a Jamus shekara talatin da suka wuce. Wasu sun mutu a Turai, wasu a hanyar Kwatano, sauran zafin Kano na rage musu numfashi.

Na ce masa ilimin takarda daban, titi daban. Da safe na ɗau hanyar Zariya neman Sharon, kowace ce ma.

Ban bar gari ba. A cunkoson Unguwa Uku allurar zafi ta miƙe tsaye, tururi ya turnuƙe daga bonet kamar ana dafa dambu. Ashe yaron gareji bai mayar da wayar fanka ba. Lagireto ta tafasa, sabon gasket ya ƙone. Almajirai huɗu ne suka tura ni gefen titi, ni da dawakaina gaba ɗaya, kuma ina riƙe da sitiyari Sharon uku suka wuce. Na ƙirga.

Da bakanike ya iso kan babur, ya taɓa injin, ya yarfe hannu, ya dube ni ba ko kunya.

"Alhaji, ai ka ga abin da nake faɗa maka. Dawakan ne suka yi yawa, ƙishirwa suke ji. Babbar lagireto za mu sa."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ji kaina ina cewa, "Nawa take?"