Cefane ɗaya, leda shida

Hutun Sallah ne, ba ofis ba makaranta, to saurin me ake yi da har ba a iya ɗaukar kwando zuwa kasuwa? Tumatir leda, attaruhu leda, albasa leda, sannan a zuba su duka a babbar baƙar leda. Haba jama'a! Kafin yamma suna cikin kwata, ruwan sama na sauka ta toshe. Akuya kuwa ƙanshin mai take bi ta haɗiye, kuma leda ba ta narkewa a tumbi, sai dabba ta yi ta ramewa, ciki a kumbure. Kwando ɗaya ya isa, da galan na man gyaɗa, da kwano mai murfi na ƙosai. A rataye su a bakin ƙofa don kada a manta.